Baftisma Ba Zanen Suna Ba Ce

A ofisoshin gwamnati na Madawa da Buza da Keita, kamar yadda yake a sauran ƙasa, in an yi wa ma'aikaci haihuwa yakan rarraba wa abokan aikinsa takardar gayyata da Faransanci, kalmar da ke bisa takardar kuwa ita ce « baptême ». Babu mai tambayar ma'anarta. Kowa ya san ran bakwai da sassafe za a hallara a ƙofar gida, a raba goro da dabino, malamai su yi fatiha, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan jinjiri. Zanen suna ke nan. Sai dai kalmar ta aro ce, Faransancin ƙasarmu ne ya ɗauko ta ya ɗora wa bikin suna, ta zauna. A wurin Kiristoci, masu ita na asali, abin da take nufi dabam ne: ibada ce da ake yi da ruwa, sau ɗaya tak a rayuwar mutum, kuma da ita ce yake shiga cikin jama'ar Almasihu. Da Hausa suna ce mata baftisma.

Ruɗanin ba ƙarami ba ne ga mai riƙe da alƙalamin hukuma. Kirista yana iya tsayawa gaban prefe ko alƙali ya ce an yi masa baftisma yana da shekara 25, tafinta ya juya maganar ta koma kamar mutumin ya yi shekara 25 ba shi da suna. Wani kuma ya ce ɗansa mai shekara goma ba a yi masa ita ba tukuna, a ɗauka uban ne ya ƙi yanka rago. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ya ƙara wa zancen wuya shi ne, su Kiristocin kansu bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wanda ya kamata a yi wa baftisma, da lokacin yinta, da yawan ruwan da za a yi ta da shi. Shekara kusan dubu biyu ke nan suna wannan muhawara, ga shi ta iso har cikin duwatsun Adar da fadamun Gobir Tudu.

Tushe biyu

Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristocin Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. A gundumomin nan uku na jahar Tawa sun fi haka ƙaranci: ma'aikatan da aiki ya kawo, da baƙi daga Benin da Togo da Burkina da Nijeriya, sai ƴan gidaje na ƴan ƙasa. Amma duk ƙarancinsu, daga tushe biyu suka fito.

Na farko shi ne ƙungiyar mishan da ake kira SIM, wadda samari uku daga Kanada da Amurka suka fara a 1893. Biyu daga cikinsu sun mutu a ƙasar da ake kira Nijeriya yau tun aikin bai kafu ba, na ukun, Rowland Bingham, shi ya ci gaba da shi. Ƙungiyar ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta sauka Tsibiri kusa da Maraɗi, a 1950 kuma ta buɗe asibitin Galmi, bisa babbar hanya tsakanin Ƙwanni da Madawa. Galmi ba ta cikin gundumomin nan uku, amma da wuya a sami ƙauye a Madawa ko Buza wanda ba a taɓa kai majinyacinsa can ba. Majami'un da SIM ta dasa su ne suka haɗu suka zama ekklesiyar EERN a farkon ƴancin kai, wadda ta rabu wajen 1990.

Na biyu shi ne Katolika. Sun kafa mishan a Yamai a 1931, aka naɗa Hippolyte Berlier bishop na farko a 1961. A 2001 aka raba ƙasar gida biyu, jahar Tawa ta koma ƙarƙashin Maraɗi, inda Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina, ya zama bishop na farko.

Ita kalmar baftisma daga Girkanci ta fito, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Saiwarta tana nufin tsomawa, kuma marinan Girka da ita suke faɗin aikinsu, kamar yadda marini a nan yake tsoma farin ƙyalle cikin baba ya fito da shi shuɗi. Da aka fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932, masu fassara sun bar kalmar yadda take, suka yi mata rigar Hausa kawai. Dabara ce ta kauce wa rigima, domin da sun rubuta tsomawa da sun ba ɓangare ɗaya gaskiya, da sun rubuta wanka ko yayyafi da sun ba ɗayan.

Jinjiri ko baligi?

Katolika suna yi wa jarirai baftisma, dokarsu ta 1983 ma ta umarci iyaye su kai jinjiri cikin makonnin farko. Haka Otodoks suke yi, haka Angilikan, har da Hausawan Wusasa kusa da Zariya, haka Lutaran da Metodis. Hujjarsu ita ce baftisma aikin Allah ce, kyauta ce daga gare shi, kyauta kuwa ba ta jiran mai karɓa ya yi wayo. Suna cewa kowane ɗan Adam yana zuwa duniya da zunubin asali wanda ya gada daga Adamu, baftisma ce take wanke shi. Suna nuna wuraren da Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin mutumin da aka yi wa baftisma da iyalin gidansa duka, su ce gida ba ya rasa yara. Suna kuma kwatanta ta da kaciyar Bani Isra'ila, wadda ake yi wa yaro ran takwas ba tare da an nemi shawararsa ba. Iyaye da wani amintacce, wanda ake kira uban baftisma ko uwar baftisma, su ke amsawa a madadin jinjiri. In ya girma sai ya tabbatar da alkawarin da bakinsa gaban bishop.

Majami'un da suka fito daga SIM, da Baftis, da ƴan Fentikos, ba su yarda da haka ba ko kaɗan. Suna cewa ko'ina aka duba cikin Sabon Alkawari, tuba da bangaskiya su ke zuwa da fari, ruwa ya biyo baya, jinjiri kuwa bai san tuba ba. Imanin uba ba ya isar ɗa. Saboda haka in an yi musu haihuwa sai su yi suna kamar maƙwabtansu, fasto ya yi addu'a ya miƙa yaro ga Allah, amma ba a taɓa ruwa. Sai yaro ya yi hankali, ya nemi baftisma da kansa, ya shiga ajin shiri, dattawan majami'a su yi masa tambayoyi su kuma bincika halinsa cikin gari. Duk wanda ya gane wannan ya san haihuwa a asibitin mishan irin na Galmi ba ta mai da yaro Kirista. Katolika ma, in ba halin mutuwa ba, dokarsu ta hana a yi wa jinjiri baftisma sai da yardar uba ko uwa.

Abin sha'awa shi ne mafi yawan wannan muhawara a Afirka aka fara ta, a ƙetaren Sahara. Wajen shekara ta 200, wani malami a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, mai suna Tertuliyan, ya ba da shawara a jinkirta baftismar yara har su san abin da suke karɓa. Shawarar tasa ita ce shaidar cewa ana yi wa yara tun lokacin. Bayan shekara hamsin da wani abu, wani bishop mai suna Fidus ya tambaya ko ya kamata a jira ran takwas kamar kaciya. Bishop 66 suka taru a Kartaj ƙarƙashin Sifiriyan, suka ce kada a jira ko kwana takwas ɗin. Bahaushe da ya saba da jiran bakwai zai gane tambayar Fidus sarai. Ogustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, shi ne ya kafa wa baftismar jarirai hujja mafi ƙarfi, alhali shi kansa sai da ya shekara 32 aka yi masa, a 387, ko da yake uwarsa Kirista ce.

A Turai zancen har jini ya zubar. A watan Janairu na 1525 waɗansu mutane a birnin Zurik na ƙasar Suwis suka yi wa junansu baftisma suna manya, suka ce wadda aka yi musu suna jarirai ba ta ƙirgu ba. Hukumar gari ta haramta, a 1527 kuma ta ɗaure ɗaya daga cikin shugabanninsu, Felix Manz, ta nutsar da shi cikin kogi. Waɗanda suka yanke masa hukuncin Kiristoci ne, Furotesta ne kamarsa.

Maganar ruwa

A nan ne zancen ya fi shafar wannan yanki. Masu baftismar manya galibinsu sun tsaya a kan tsomawa: fasto ya shiga ruwa da mutum, ya ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki bisa aƙidarsu, ya kwantar da shi har ruwa ya rufe kansa, sa'an nan ya tashe shi. Suna kafa hujja da ma'anar kalmar, da cewa Yahaya a Kogin Urdun ya yi wa Yesu baftisma, da kuma bayanin manzo Bulus wanda ya kwatanta baftisma da bizne mutum da tashinsa. Suna cewa ba a bizne mamaci da ƙasa cikin tafin hannu. Otodoks ma tsomawa suke yi, har sau uku, ko da jinjiri ne. Katolika sun halatta tsomawa da zubawa duka biyu, amma abin da aka fi gani shi ne fada ya zuba ruwa sau uku a goshi. Waɗansu Furotesta kuma yayyafi ya ishe su. Masu zubawa suna tambaya: mutum wajen dubu uku da aka ce an yi wa baftisma rana ɗaya a Urushalima, birnin da ke bisa dutse ba shi da kogi, a ina aka tsoma su? Masu tsomawa su amsa cewa birnin yana da kududdufai na wankan tsarki da yawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

To, Adar ba ta da Urdun. Ruwan sama a nan ba kasafai yake wuce milimita 500 a shekara ba, a Keita ma bai kai haka ba, kuma cikin wata uku ko huɗu na damana yake sauka. Majiya da Tarka suna ɗaukar ruwa in an yi sama, su ƙafe bayan kaka. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, matan ƙauyukan tudu a bakin rijiya suke yini. Mai son tsoma babban mutum kuwa sai ya sami ruwan da ya kai ƙugu. In kwarmin siminti aka gina a harabar majami'a, mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da zurfin mita 1, lita 2000 zai ci, wato tano goma, ko bido 80 na lita 25. A garin da ke da famfo wannan kuɗi ne kawai. A ƙauyen da ake jan ruwa da wasaki, aikin jakuna ne na yini guda, kuma idon maƙwabta yana bisa kowane bido.

Shi ya sa a ƙasa irin wannan lokacin baftismar tsomawa yake bin damana fiye da yadda yake bin kalanda. Mai nema yana iya gama karatunsa da rani, ya jira tabki ya cika. Ruwan tabki kuma da nasa sharrin. Kurkunu dai an rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta kuɓuta daga gare shi a 2013, amma tsargiya tana nan cikin ruwan kwance. Madatsun ruwan da aka gina, irin na Ibohaman da waɗanda aikin raya Keita ya yi tun daga 1984 da taimakon Italiya, sun sa ruwa yana daɗewa a wuraren da dā ba ya kaiwa hunturu. Don noma da dabbobi aka yi su, ba don ibadar kowa ba, amma tabki ba ya tambayar mai shiga.

Kiristocin farko ma sun gamu da wannan matsala. Akwai wani ɗan littafi da ake kira Didake, wato Koyarwa, wanda masana suke cewa an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu. Ya ɓace shekaru aru-aru, sai a 1873 aka tsince shi a wani ɗakin littattafai a Istanbul. Littafin ya fi son ruwa mai gudu. In babu shi, kowane ruwa ya yi. In mai sanyi bai samu ba a yi da mai ɗumi. In kuwa ruwan bai isa tsomawa ba, a zuba a kai sau uku. Kai ka ce wanda ya rubuta shi ya taɓa yin bazara a Keita. Sifiriyan shi ma ya yanke cewa majinyacin da aka zuba wa ruwa yana kwance baftismarsa cikakkiya ce. Mai karatu Musulmi zai tuna da taimama, inda shari'a ta sauƙaƙa wa wanda ya rasa ruwa. Bambancin shi ne Kiristoci ba su da baftismar ƙasa, ko kaɗan ne sai an sami ruwa. Masu tsomawa dai suna amsawa cewa Didake ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, kuma tun da a wurinsu bangaskiya ce take ceto ba ruwa ba, wanda ya mutu yana jiran damana bai yi hasarar kome ba. Katolika ba su da wannan natsuwa, shi ya sa suka yarda in rai ya yi halinsa kuma babu fada kusa, kowa yana iya zuba ruwan ya faɗi kalmomin.

Akwai ma waɗanda ba su yin baftismar ruwa sam, kamar Rundunar Ceto da aka kafa a Ingila. Shi Bingham na SIM a cikinta ya fara, kafin ya koma fasto na Baftis.

Mai mata biyu

Ga ɗan ƙasa wanda ya fito daga gidan Musulmi ko na Azna, yawan ruwa shi ne ƙaramin abu. Mutum yana iya yin shekaru yana zuwa majami'a, dangi su kau da kai, su ce yawon ƙuruciya ne ko neman aiki. Ran da ya shiga ruwa gaban jama'a, ran nan ne kowa ya san ya ƙetare. Abin da ke biyo baya yana da nauyi: surukai suna iya karɓe ɗiyarsu, neman aure ya yi wuya, ga kuma gado. A ƙasarmu bisa al'ada ake rabon gado, al'adar wannan yanki kuwa ta ginu a kan fiƙihun Malikiyya, inda bambancin addini yake hana gado. Gonar fadama ta albasa a Madawa ba abin wasa ba ce. Saboda haka majami'u ba su gaggawa. Katolika suna sa baligi ya yi shekaru yana koyo kafin a yi masa baftisma, yawanci a daren Ista. Masu bishara su ma suna jan lokaci, kuma tun zamanin mishan suna matsa wa mai nema ya koyi karatun Hausa da boko don ya karanta Littafi da kansa. Ta wannan hanya ajin baftisma ya zama ajin yaƙi da jahilci tun kafin gwamnati ta buɗe nata.

Mafi ɗaci shi ne zancen mai mata fiye da ɗaya. Mishan na farko, har da SIM, sun tsaya a kan mace ɗaya: magidanci mai mata biyu yana iya zama cikin majami'a ya ji wa'azi, amma ba ya samun baftisma sai ya sallami ɗaya. Taron bishop na Angilikan a Lambeth ya yanke irin wannan hukunci a 1888. Dokar Katolika ta ce ya zauna da guda, ko da ba uwargida ba ce in zama da ita ya gagara, amma ya ɗauki nauyin waɗanda ya rabu da su. A takarda maganar tana da tsabta. A cikin gida kuwa, wadda ta biya kuɗin baftismar mijinta ita ce matar da aka sallama, wadda ba ta yi laifin kome ba, ta koma gidan ubanta da tsufa, ta bar ƴaƴanta hannun kishiya. Sai da aka shekara ɗari cif, a 1988, Angilikan suka sake hukunci bisa roƙon bishop na Afirka: a yi wa mai mata da yawa baftisma ba tare da an tilasta masa saki ba, muddin jama'ar majami'arsa sun yarda kuma ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba. Sauran majami'u kowace da inda ta tsaya.

A wurin da Kiristoci ba su da yawa, aure tsakanin Katolika da masu bishara ba abin mamaki ba ne, nan kuma tsohuwar rigimar Zurik take tashi. Katolika suna karɓar baftismar duk wanda aka yi wa da ruwa aka kuma ambaci sunayen nan uku, ba su sake ta. Masu tsomawa kuwa sukan ce wa wadda aka zuba wa ruwa tana jinjira ta shiga tabki, ba su ma kiran abin maimaitawa, domin a ganinsu ba a taɓa yi mata ba. Iyayenta kuma su ji kamar an ce musu arna. A 1982 wakilan majami'u da yawa sun taru a Lima ta ƙasar Peru, suka roƙi kowa ya girmama baftismar ɗan'uwansa, ya guji abin da zai yi kama da maimaitawa. Waɗansu sun amsa, waɗansu ba su amsa ba. Har kalmomin da ake faɗi ma ana jayayya a kansu. Waɗansu ƴan Fentikos sunan Yesu kaɗai suke ambata. A 2020 kuma fadar Paparoma ta yanke cewa baftismar da fada ya yi yana cewa « muna » a maimakon « ina » ba ta inganta ba, har aka nemi ɗimbin mutane a jihar Arizona ta Amurka su koma a sake musu a 2022. Tafintoci sun daɗe da sanin abin da kalma guda take iya jawowa.

Saura abin da ya shafi ofis kai tsaye. Majami'u suna ba da katin baftisma, Katolika ma suna da manyan littattafai inda suke rubuta ranar haihuwa da sunayen iyaye. Katin yana iya taimaka wa alƙali wajen gane shekarun wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, amma ba ya maye gurbin takardar haihuwa ta hukuma, wadda sai da ita yaro yake zama jarrabawar lakwal ko ya yi katin ɗan ƙasa. Bakatolike yakan ƙara sunan wani waliyyinsu ranar baftisma, masu bishara kuwa galibi suna riƙe sunan da aka zana musu, tun da Yakubu da Ibrahim da Maryama na kowa ne. Wanda ya ƙara suna a majami'a, sunan ba ya shiga takardunsa na gwamnati sai ya bi ta gaban alƙali.